Aikin Haƙori

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da ɗaliban nan naki masu taurin kai. Mu ma nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Za ki ce me ya kai ni rubuta wasiƙa alhali ga waya. Kin san gidan nan, ka yi tari a ɗakin Inna a ji ka a ƙofar gida, ga 'yata Tsuntsuwa da kunne kamar na zomo. Abin da zan faɗa miki ba na son ta ji. Direban da ke kai miki saƙo shi zai kawo wannan. Ki yi haƙuri da rubutun, kuma kar ki sa mini jan biro, ni ba ɗalibarki ba ce.

Auta, idona ya fara canja launi. Ranar nan da rana tsaka na tsaya gaban madubin ɗakin Inna zan ɗaura ɗankwali, sai na ga Inna tana kallona. Ba Innar da ke bin mu da tsintsiya ba, Inna ta shekarar ƙarshe, wadda farin idonta ya koma rawaya. Sai da na dafa bango kafin na gane fuskata ce. Ga wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, ga ƙaiƙayi, ga gajiyar da barci ba ya maganinta. Haka nata ya fara, haka na Gwaggo ya fara. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Mutanen layi sun riga sun yanke hukunci, wai ciwon matan gidanmu ne, gado ne. Da ma a ce gona muka gada. Bara matar mai wanki ta tafi da irin wannan ciwo, bana kuma ga matar mai shago a kwance.

Aiki yana nan yadda kika bar shi. Mai kaya yana kawo buhunan 'yan zobba da duwatsu, muna haɗa sarƙa da 'yan kunne, ya zo ya kwashe. Tsuntsuwa ta fi ni sauri yanzu. Ki gan ta ta cika baki da zobba yadda Inna ta koya mana, tana turo ɗaya da harshe, ta saƙala, ta matse da haƙori, hannu bai tsaya ba. In na kwanta a ɗaki na ji ƙas, ƙas, ƙas daga tsakar gida, sai in rantse Inna ce zaune a tabarmarta. Wani lokaci har na kan buɗe baki zan ce sannu da aiki, Inna.

Kar ki faɗa wa kowa. Ki gaida mutanen gidan.

Taki,
Yaya

*

Zuwa ga Yayata,

Wa'alaikumussalam. Na samu wasiƙarki, na karanta ta a ofishin malamai, na kasa shiga aji na gaba. Muna lafiya, yara suna gaishe ki.

Yaya, ina roƙon ki da girman Allah ki je asibiti, kuma ki je a makon nan. Ba wurin mai jiƙe-jiƙen bakin kasuwa nake nufi ba. Na san halinki, za ki sha ɗaci ki ce kin ji sauƙi don a ƙyale ki. Abin da za a kashe ba naki ba ne, mun yi magana da maigidana.

Maganar gado kuwa ban yarda da ita ba. Matar mai wanki ba jininmu ba ce, matar mai shago ma haka. Me ya haɗa ku in ba layi ɗaya da aiki ɗaya ba? Kuma in gado ne, ni 'yar wa ce? Ciki ɗaya muka fito, idona fari tas. Bambancina da ke ɗaya ne. Ranar da Inna ta fara koya mini na haɗiye zobe, na yi ta ihu, ta ce bakina ba na aiki ba ne, na surutu ne, a kai ni makaranta. Na daɗe ina jin haushin wannan magana. Yau ina tunaninta ta wata fuska.

Ki faɗa wa likita komai, har aikin da kike yi. Kar ki je ki zauna kina ba ta dariya ki fito ba ki faɗi abin da ya kai ki ba.

Ba ki taɓa ba ni labarin kwanakin Inna na ƙarshe ba. Na zo na tarar an gama komai, duk sanda na tambaye ki sai ki kawo wata magana. Ban matsa miki ba. Amma ba zan yarda in sake zuwa in tarar an gama ba.

Allah Ya ba ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji faɗanki, malama, kuma na je. Na yi shiru ne don ina jiran sakamakon gwaje-gwajen da aka aika babban asibiti.

Likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Ta danna cikina, ta sa aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini da fitsari. Ta ce hantata ta kumbura, ta fara tauri. Ta nemi ƙwayoyin cutar da aka san suna kama hanta, babu ko ɗaya. Har ta tambaye ni ko ina shan giya. Na ce likita, ni ko shayi sai in an yi baƙi. Ba ta yi dariya ba.

Da ta ce in buɗe baki ne ta tsaya. Ta haska fitila a kan haƙorina na gaba, wurin ɗan gurbin nan da zobe ya ci, ta ce me ya yi wannan. Na ce aiki ne. Ta ce ta ga irin wannan gurbi a bakin wasu mata da suka zo mata da ciwon hanta, ba ta taɓa tambaya ba sai yau. Na cire sarƙar wuyana na nuna mata yadda ake matsewa. Ta karɓi sarƙar da takarda, ba da hannu ba, ta sa a leda. Auta, abin da na yi shekaru ina tsotsa.

Jiya na koma. Ta ce ƙarfen da ake waɗannan zobba da shi an gauraya shi da wani sinadari mai suna kadmiyam, don yana da arha kuma yana ƙyalli. Yana shiga jiki kaɗan-kaɗan, ta baki da ta numfashi, ya je ya zauna a hanta da ƙoda da ƙashi. Ba ya fita sai bayan shekaru masu yawa, kuma babu allurar da za ta wanke shi. Ta ce mu mata ya fi kama mu, domin jini yana yawan yi mana ƙaranci saboda al'ada da ciki da haihuwa, kuma jikin da ke neman abin ƙara jini ba ya bambance mai amfani da mai guba, duk zuƙewa yake. Wanda aka samu a fitsarina ya wuce misali.

Na tambaye ta shi ne ya kashe Inna ke nan. Ta ce ba za ta rantse a kan wadda ba ta gani ba, ko a kaina ma ba za ta ce shi kaɗai ba ne, amma ba ta ga wani abin zargi ba sai shi. Ta ce:

"Abin da ya riga ya shiga ba mu da iko da shi. Wanda bai shiga ba tukuna shi za mu tare. Akwai wata a gida da ke wannan aiki?"

Na tashi na kamo hanyar gida. Ina dawowa na tarar da Tsuntsuwa a tabarma, kumatu cike. Ta yi mini murmushi, na ga nata gurbin ya fara fitowa, ɗan ƙarami kamar an ja da allura. Na ce ta tofar. Ta ɗauka wasa nake, sai da na daka mata tsawa.

Na sayo filaya guda biyu na matse zobba, na ce daga yau babu mai sa ƙarfe a baki a gidan nan. Na zaga layi na faɗa wa mata. Wasu sun ji, wasu sun ce filaya aikin malalata ne, kafin ki haɗa ɗaya da ita an haɗa biyar da haƙori. Mai kaya ya ce shi saya yake ya sayar, bai san wani sinadari ba.

Ga labari ke nan. Ki gaida yara.

Yaya

*

Yayata,

Bayan gaisuwa. Na gode da kika je, na kuma yi kuka da abin da aka samu. Ba zan tsawaita ba, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun da na ajiye wasiƙarki.

Ruwan wankin sarƙa fa? Ina nufin bahon nan da ake jiƙa sarƙoƙi a ruwan lemun tsami don su yi haske kafin mai kaya ya zo. Na tuna ruwan yana komawa toka-toka. Na kuma tuna Inna ba ta yarda a zubar da ruwa a kwata, wai ɓarna ce, sai dai a gindin alayyahun bayan ɗaki. Sharar wurin aiki ma can ake juyewa, wai taki. Har yanzu haka kuke yi?

In haka ne ki daina cin ganyen nan yau, ki hana Tsuntsuwa, ki ɗebi ƙasar wurin ki kai wa likita. Ina fatan ni ce ke ruɗu.

Sannan a yi wa Tsuntsuwa gwaji ita ma. In kin yarda ki turo mini ita, a nan kusa da mu akwai asibitin da ke yi.

Allah Ya sawwaƙe.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ba ruɗu kike yi ba. Na kai ƙasa da ganye da ruwan rijiyarmu, an auna. Ƙasar ce ta fi muni, ganyen yana biye. Likita ta ce ganye irin wannan yana jan sinadarin daga ƙasa ya tara a jikinsa, kuma tsamin lemun ne ke narko shi daga ƙarfen ya bi ruwa. Rijiyar ma ta ce a bar shan ta.

Kin tuna yadda Inna ke alfahari da lambun nan? Ko'ina ya bushe shi yana kore shar. Lokacin da ta kwanta aka ce jininta ya yi ƙasa, a ba ta ganye, safe da yamma daga nan nake tsinkowa. In ta kau da kai in lallashe ta kamar yarinya, in ce Inna daure ki ƙara cokali ɗaya, magani ne. Ni ma da gajiyar nan ta fara mini shi na duƙufa ci. Tsuntsuwa kuwa, da cin nata kamar na tsuntsu, ganye ne kaɗai abin da take ci ba a yi faɗa ba. Ban san wa zan yi fushi da shi ba, shi ya sa fushin yake ta yawo a cikina.

Na ɗauki fartanya na tuge shi duka. Ban iya gamawa a tsaye ba, a zaune na ƙarasa. Ina yi ina jin kamar Inna tana tsaye a bayana, hannu a ƙugu, za ta ce wa ya aike ni. Na juya ya fi a ƙirga, ba kowa sai igiyar shanya. Yanzu wurin ya zama fili, amma duk sanda na ɗauki baho ƙafata can take nufa da kanta.

Ga abin da ya fi damuna. Jikina ya ƙi, ƙafafuna sun fara kumbura, ba na iya zama a tabarma. Shekaranjiya ina kwance da hantsi na ji ƙas, ƙas, a hankali, daga ɗakin girki. Na ce a raina yau kuma Inna a can ta zauna. Na lallaɓa na leƙa. Tsuntsuwa ce a bayan ƙofa, filaya a ƙasa, baki cike. Da ta gan ni ta tofar a tafin hannu ta fashe da kuka. Ta ce filaya ba ta sauri, mai kaya ya ce in aiki bai cika ba zai kai wani gida, to da me za a sayi maganina. Ta ce wani lokaci ma ba ta sanin ta sa, bakin ne ke ɗauka.

Na san gaskiya ta faɗa, nawa bakin ma haka yake. Muddin ina kwance a gidan nan tana kallona, za ta ci gaba. Ki shirya mata wuri.

Yaya

*

Zuwa ga Anti,

Ina wuni, Anti, ina gaida Baba da ƙannena. Ni ce Tsuntsuwa. Mama ba ta san na rubuto ba, a hannun direba na ba da.

Anti don Allah ki ce mata ba ki da wuri. Ki ce gidan ya cika, ko ki ce sai bayan hutu. Na san ba kya ƙarya, amma ki yi wannan ɗaya saboda ni.

Ba komai Mama ta faɗa miki ba. Ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki buta. Abinci cokali biyu take ci ta ture. Wani lokaci tana kirana da sunan Inna, sai ta wayance ta ce tsokanata take. Ta rufe madubin ɗaki da zane. In na tafi wa zai ɗaga ta, wa zai raka ta asibiti? Matar tela ta ce za ta riƙa leƙowa, amma leƙowa ba zama ba ce.

Na yi alkawari ba zan ƙara sa zobe a baki ba. Na rantse mata, ta ce ita ma ta taɓa rantsewa. Ni lafiyata ƙalau, babu inda ke mini ciwo. Ita ta yi jinyar mahaifiyarta har ƙarshe, ba wanda ya kore ta. Me ya sa ni za a kore ni?

Ki taimake ni, Anti.

'Yarki,
Tsuntsuwa

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ga ta nan tare da wasiƙar, direba zai sauke ta a ƙofarki. Na san ta rubuto miki, na ga tawada a yatsanta, 'yar banza ba ta iya ɓoye komai ba. Na gode da ba ki biye mata ba.

Ba ta tafi da daɗi ba. Na yi lallashi ta ƙi, na yi dabara ta gane. A ƙarshe na ce mata ita ce ke ƙara mini ciwo, ganinta ke hana ni warkewa, ta fitar mini daga gida. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba. Sannan ta je ta haɗa kayanta. In ta ce miki uwarta ba ta son ta, kar ki yi gardama da ita yanzu, fushin zai riƙe ta a wurinki fiye da lallashi.

Kin taɓa tambayata kwanakin Inna na ƙarshe. Ba zan rubuta su ba. Abin da zan ce kawai, cikinta ya cika da ruwa, hankalinta ya tafi ya bar jikin, ta daina gane ni, kuma ta daɗe a haka. Ke in kin tuna Inna, mai tsintsiya kike gani, mai dariya da gurbi a haƙori. Ni tun daga lokacin ban ƙara ganin waccan ba, ta ƙarshen ce ke zuwar mini, a madubi, a ƙofa, a bayan ɗaki. Ina ƙyashinki a kan wannan, Allah Ya sani. Ba na so Tsuntsuwa ta ɗauki irin wannan kaya. Gara ta tuna uwar da ta kore ta a tsaye da ƙafafunta.

Ki kai ta gwaji. Ki ba ta abin da zai ƙara mata jini, likita ta ce mai isasshen jini jikinsa ba ya zuƙar gubar sosai. Ki sa ta a makaranta ko ɗinki, ko me ta zaɓa, in dai ba a yin sa da baki. In kin ga tana tauna murfin biro ki buge hannun.

Na mayar wa mai kaya buhunansa. Gidan ya yi tsit. Na zata in babu mai aiki zan daina jin ƙarar, ashe ba daga tsakar gida take zuwa ba.

Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da ɗawainiya.

Yayarki

*

Yayata,

Gaisuwa da addu'a. Ta iso lafiya. Ta yi kwanaki tana fushi, yanzu ta fara kula ƙannenta.

An yi gwajin. Akwai sinadarin a jikinta, amma bai kai naki ba ko kusa. Hantarta da ƙodarta lafiya lau a yanzu. Likita ya ce za a riƙa dubawa lokaci-lokaci har ta girma ta tsufa, kuma in ba a ƙara mata wani ba yana kyautata zato. Na fito daga ofishinsa na zauna a benci na yi kuka, ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri.

Dabararki ba ta ci ba, Yaya. Ta ce ta san ƙarya kika yi, wai kina faɗa kina kallon bango. Ba ta kwance jakarta ba, tana nan a bakin gado a ɗaure. Kullum da safe sai ta tambaye ni yaushe za ta koma. Na kira wayarki ba a ɗauka. Me zan ce mata?

Allah Ya ba ki sauƙi.

Auta

*

Zuwa ga Malama Auta,

Assalamu alaikum. Ni ce matar tela, maƙwabciyar Yayarki. Ita ke faɗa ni ke rubutawa, ba ta iya riƙe biro yanzu.

Ta ce alhamdu lillahi da sakamakon yarinya, ta sa na karanta mata wurin sau da yawa. Ta ce ki ce wa Tsuntsuwa tana samun sauƙi, ta kwance jakarta, ba yanzu ba tukuna. Ta ce a gaida kowa.

Nan maganarta ta ƙare, ta yi barci. Wannan nawa ne, kuma ta hana ni rubutawa. Ki zo, Malama, kar ki jira hutu. Ko ke kaɗai ko ke da Tsuntsuwa, wannan ke za ki yanke, ni ban iya ba.

Na bar ki lafiya.